Yaya ake fasa tsakuwar ƙoda ba tare da an yanka mutum ba?

Ɗan'uwa, ka ce likita ya ba mahaifinka shawarar a fasa masa tsakuwar ƙoda da na'ura, kana mamakin yadda za a fasa dutse fata ba ta ji rauni ba.

Sirrin yana cikin ruwa. Na'urar tana harba igiyar sauti mai ƙarfi, ita kuwa tana ratsa ruwa salin-alin, kuma yawancin naman jikinmu ruwa ne. Shi ya sa ake shafa man jel ko a jingina bayan mutum da matashin ruwa. Da hoton asibiti ake saita inda tsakuwar take, sai ƙarfin ya taru a wannan ɗigon kaɗai. Idan ya daki tsakuwar sai ya matse ta ya kuma ja ta, ga ƙananan kumfa da ke fashewa a jikinta suna gutsure ta. Bugu ɗaya bai isa ba, akan yi kamar 2,000 zuwa 3,000, har ta zama tsaki-tsaki ta fita da fitsari.

A Jamus aka fara yi wa mutum wannan, a 1980. Ya fi aiki a kan tsakuwar da ba ta kai santimita 2 ba. Baba zai iya ganin jini a fitsari kwana kaɗan. In yana shan maganin tsinka jini, lallai a gaya wa likita tun da wuri.