Waya ta kama wifi zone, ordinatar ta ƙi: kar ka yi formataj tukun

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka, ka ce ka sayi tike a wifi zone ɗin unguwarku can Harobanda, a waya komi na tahiya lahiya lau amma da ka haɗa ordinatar sai ta nuna ta kama rezo kuma ta rubuto Pas d'Internet, har wani mai gyara ya ce maka sai an yi mata formataj. To don Allah ajiye maganar formataj ɗin nan gefe, kar ka ba kowa kuɗinka kuma kar a share maka darussanka a banza. Injin da ya ga sunan rezo har ya haɗu da shi ai kat ɗin wifinsa da rai yake, ba Windows ce ta lalace ba.

Ka fara gane yadda abin yake. Galibin wifi zone ɗin nan da suka cika Yamai, musamman tun da Starlink ta fara aiki a Nijar a 2025, tsarinsu kusan guda ne: faranti bisa rufi, sai ɗan akwatin MikroTik, sai anten mai watsa rezo cikin unguwa. MikroTik ɗin nan kamar mai gadi ne a bakin ƙofa, kowa na iya shiga zaure amma ba ka wucewa cikin gida sai ka nuna tike. Shi ya sa kake ganin ka haɗu kuma babu intanet, a zaure kake tsaye.

Abin da na fi zato a matsalarka shi ne tiken kansa. Ka ce a waya ka fara sa kod ɗin ko? To mafi yawan masu wifi suna barin tike guda ga na'ura guda, wasu ma ɗaure shi suke da adres MAC na abin da ya fara shiga da shi, wato lambar da kowane kat wifi ke da tasa. In haka ne ko kwana za ka yi kana danne-danne ordinatar ba za ta shiga da tiken waya ba. Wasu wuraren in ka koma shafinsu a waya ka danna Déconnexion yana sakin tiken, wasu kuma sai mai wurin ya cire ka daga nasa ɓangaren, ko dai ka sayi na dala ashirin ka gwada, wanga ya fi formataj araha nesa ba kusa ba. Kuma akwai wani abu da ke haɗa mutane faɗa da masu wifi kullum, a Windows 10 da 11 cikin Paramètres wajen Wi-Fi akwai Adresses matérielles aléatoires, in yana kunne injin na iya canja lambarsa sai akwatin ya ɗauke ka baƙo ya ce tiken na hannun wani, kai ko ka rantse an cuce ka. Kashe shi ga wannan rezon. Wayoyi ma suna da irinsa tun Android 10 da iOS 14.

In kuwa shafin sa kod ɗin ne sam bai fito maka ba, wannan wata magana ce. Akwatin yana tare buƙatarka ne ya juya ka zuwa shafinsa, amma ba ya iya yin haka salin alin da shafuka masu https, kuma yanzu Google da Facebook da YouTube duk https ne, sai navigater ya tsaya yana juyi ko ya kawo maka jan gargaɗi. Rubuta neverssl.com a sama wajen adres, shafi ne da aka yi don wanga aiki kawai, sau da yawa nan take za ka ga shafin tike ya faɗo. In bai yi ba danna tutar Windows da R tare, rubuta cmd, cikin baƙin allon rubuta ipconfig, nemi layin Passerelle par défaut a ƙarƙashin Wi-Fi, lambar da ke gabansa, wato adreshin akwatin, misali 10.5.50.1 ko 192.168.88.1, ita za ka rubuta a navigater da http:// a gaba.

Tun da kana cikin baƙin allon duba Adresse IPv4 ma, wato lambar da akwatin ke ba injinka kan rezo. In ta fara da 169.254 to akwatin bai ba ka adres ba ke nan, Windows ce ta ƙirƙira ma kanta. Wannan yakan faru da dare bayan isha'i sa'ad da duk samarin unguwa suka taru kan rezo guda adreshin suka ƙare, ko kana nesa da anten, ko kuran ya ɗauke ya dawo akwatin bai gama tashi ba. Matso kusa, ka rubuta ipconfig /release sannan ipconfig /renew. In ya ƙi, mai wifi ne zai kashe akwatinsa ya kunna, ba laifin injinka ba ne. Kuma ka daina auna da waya, ita tana hannunka kana yawo da ita har bakin taga, ordinatar ko tana ƙuryar ɗaki bayan bango biyu da rufin kwano.

Sai VPN, wato aplikasiyon da ke bi da intanet ɗinka ta wata hanya daban, nan kam ɗalibai kun fi kowa. In akwai VPN kunne ko wanda ke tashi da kansa in an kunna inji, kashe shi gaba ɗaya har ka sa kod ka shiga, bayan nan ka kunna abinka. Haka DNS, wato abin da ke nemo ma inji adreshin shafuka, in wani aboki ya taɓa sa maka 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 wai don gudu, a wasu wuraren yana hana shafin fitowa. Windows da R, rubuta ncpa.cpl, danna dama kan Wi-Fi, Propriétés, Protocole Internet version 4, ka mai da duka biyun kan automatiquement. In injin na wani biro ne ko ONG a da, leƙa Proxy ma cikin Paramètres, wato ɗan tsakiyar da biro ke sawa tsakanin inji da intanet, ka kashe.

Baka faɗi irin injin ba amma in okaziyo ne irin waɗanda muke saye a kasuwa, dubi agogonsa a ƙasa hannun dama. Galibi akwai ɗan batir irin CR2032 a cikin allon inji mai riƙe kwanan wata, in ya mutu sai ka ga injin ya koma shekarun baya, kuma da kwanan wata ba daidai ba Chrome zai riƙa ƙin shafuka yana ce maka Votre horloge est en retard ko bayan ka sa kod. Gyara da hannu, ka sa fuzo, wato yankin lokaci, kan UTC+01:00. Na ga injina da yawa an kawo su wai virus, ashe wanga ɗan batir ne.

Ranar da ya yi kuma, kafin ka buɗe komi ka shiga Propriétés na rezon ka kunna Connexion limitée, in ba haka ba Windows Update za ta fara sauke kayanta a ɓoye, in tiken na mega ne ya ƙare kana kallo. Ka bar shi kan Réseau public kar ka sa privé, ba ka san wa ke zaune kan rezon tare da kai ba.

In aikin na gaggawa ne a daren nan, bar wayar haɗe da wifin, sa mata kebul zuwa ordinatar ka kunna Partage de connexion ta USB, Android da dama suna miƙa wifin da suka kama ta kebul kuma akwatin wayar kaɗai yake gani, sai dai ka kashe donne na sim kar ya ci maka kredi. In duk ka bi bai yi ba turo min hoton abin da ipconfig ya nuna da sunan injin, in sha Allah sai mu duba ko direban kat ɗin, wato ɗan programin da ke tuƙa shi, ne ya tsufa.