Gasar cin abinci, ta ina zan fara?

Ƙanena, ka ce kana son shiga gasar cin abinci daga nan Maradi, to ka sani kuɗin harkar a Amurka yake. Wani Ba'amurke, Joey Chestnut, ya cinye hot dog (burodi mai nama a tsakiya) guda 76 cikin minti 10 a gasar kamfanin abinci na Nathan's ta 2021, amma shekara da shekaru ya yi yana horo kafin nan. Kai fara da ƙosai ko tsire, kana ɗauka a waya kana sawa a TikTok har mutane su san ka. Amma don Allah kar ka gwada kai kaɗai, shaƙewa na kashe mutum cikin mintoci, kuma wannan ɗirkar ruwa da wasu ke yi wai don ciki ya buɗe, wallahi tana kisa. Ka fara ganin likita tukuna.