Tambayi likita: tafiya kaɗai ta ishi dattijo?

Likita, shekarata 62. Kullum bayan asuba nakan yi tafiyar rabin awa a Ƙofar Ƙaura. Ta wadatar?

Ta wadatar wa zuciya, Alhaji, don ka cika minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Sai ka ƙara da motsa jiki na ƙarfafa tsoka, aƙalla kwana 2 a mako, domin tafiya ba ta gina cinya yadda ake bukata.

Mahaifiyarmu a Daura tana da shekara 70. Mun hana ta kowane aiki don ta huta, amma yanzu da ƙyar take tashi daga sujada. Me za mu yi?

'Yar'uwa, Allah ya saka muku da alheri, amma wannan hutun shi ke cin ƙarfin Hajiya. Tun daga shekara 30 tsoka ke raguwa a hankali, bayan 60 kuma abin ya ƙara sauri. Abin da ke fara tafiya shi ne zafin nama, wato saurin yunƙurawa da tare jiki in an yi tuntuɓe. Shi ya sa tsofaffi ke faɗuwa har ƙugu ya karye. Tsokar da ba a sa ta aiki zubewa take yi, kuma ko a shekara 80 tana farfaɗowa idan aka motsa ta.

Ku fara kai ta asibiti a duba gwiwa, jini da suga. Idan an ba da izini, ku jingina kujera mai ƙarfi da bango. Ta miƙe da ɗan hanzari, ta zauna sannu a hankali, sau 8 zuwa 10, ta huta minti 2, ta maimaita. Sannan ta dafa bango ta yi ɗage sau 10. A yi haka kwana 3 a mako, wani na tsaye kusa da ita. Idan ya yi mata sauƙi, ta rungumi gorar ruwa mai lita 1, kilo 1 ke nan. Kar a rage mata wake, ƙwai, kifi da nono. Ciwon ƙirji, jiri ko haki mai tsanani, a tsaya nan take a tafi asibiti.

Haɗin da ake ba ni a kemis na ciwon gaɓɓai yana sa ni jin ƙarfi. In ci gaba?

Haba Malam! Sau da yawa akwai desametason, wani magani mai ƙarfi da ke danne kumburin gaɓɓai, a irin wannan haɗi. Yana kumbura fuska, ya cinye tsokar cinya, ya raunana ƙashi, ya tayar da suga da hawan jini. Idan ka daɗe kana sha, kar ka daina lokaci guda, hakan ma haɗari ne. Ɗauki ƙwayoyin ka kai wa likita a wannan makon.

Ina da hawan jini, zan iya ɗaga nauyi?

Za ka iya, in kana shan magani kuma awon ya daidaita. Kar ka riƙe numfashi yayin ɗagawa. Idan awo ya kai 180/110, bar nauyin ka je asibiti.