Me ya sa tsiron da ya fito a duhu yake rawaya?

Tambaya: Waken da ya tsira a ƙarƙashin tukunya yakan fito dogo, siriri, rawaya, amma da an ɗage tukunyar sai ya koma kore cikin kwana ɗaya ko biyu. Ta yaya tsiro yake sanin ya samu haske? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Tsiron yana ɗauke da dukkan ƙwayoyin gadon da yake buƙata tun yana cikin iri, sai dai ba dukkansu ne suke aiki a lokaci guda ba. A gaban kowace ƙwayar gado akwai wani yanki na DNA da ake kira furomota, wanda yake aiki tamkar makunnin lantarki, kuma a cikinsa ne ake samun gajerun jerin haruffa da wasu furotin suke kamawa domin su kunna ƙwayar ko su kashe ta. Mafi shahara a cikinsu shi ne jerin CACGTG, wanda masana suke kira akwatin G.

Hasken ba ya taɓa furomota kai tsaye. Abin da yake fara karɓarsa wani furotin ne mai suna faitokurom, wanda masu bincike a Beltsville ta Amurka suka gano a 1959. Idan jan haske ya sauka a kansa sai ya sauya siffa, ya shiga cibiyar tantanin tsiro, ya sa a rushe furotin na PIF, waɗanda su ne suke ingiza tsiro ya yi ta miƙewa a duhu. A lokaci guda kuma hasken yana hana wani furotin mai suna COP1 lalata wani furotin daban mai suna HY5, don haka sai HY5 ya taru, ya zauna a kan akwatin G, ƙwayoyin gadon da suke gina kayan haɗa abinci a ganye su kama aiki. Shuɗin haske ma yana da nasa mai karɓa, wato kiriftokurom.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce gwajin da Luis Herrera-Estrella da abokan aikinsa suka wallafa a 1984 daga birnin Ghent na Beljiyam. Sun ciro furomotar ƙwayar gadon rbcS, ɗaya daga cikin masu gina kayan haɗa abinci a ganye, daga tsiron fis (wani dangin wake), suka haɗa ta da wata ƙwayar gado ta bakteriya wadda ba ruwanta da haske, suka dasa a tsiron taba, sai ga shi baƙuwar ƙwayar ta koma aiki bisa umarnin haske. Daga baya an gano cewa jerin haruffa ɗaya tilo irin akwatin G ba ya wadatarwa, sai an samu aƙalla biyu sun haɗu a furomota guda.

Game da launin kuwa, mataki na kusa da ƙarshe wajen haɗa kulorofil, wato sinadarin da yake sa ganye ya zama kore, a tsirrai masu fure yana buƙatar haske da kansa, shi ya sa waken naka ba zai yi kore ba muddin tukunyar tana kife a kansa.