Amsa ga 'yar'uwar da aka ce ta ɗauke mahaifinta daga gidan kula da tsofaffi

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce gidan jinyar tsofaffin da yake kwance a nan Amurka sun kira ki a waya, wai Medicare, inshorar lafiyar gwamnati ta tsofaffi, ta daina biya, ki zo ki ɗauke shi kafin ƙarshen mako, kina tambaya ko suna da wannan ikon. Don Allah kada ki ɗauke shi tukuna. Maganar baki ce kawai suka yi miki, kuma doka takarda take nema.

Na sha irin wannan da surukata. Bayan ta samu shanyewar ɓarin jiki ta yi wajen wata uku a irin wannan gida. Wata rana da yamma na je, sai na tarar an tattara kayanta cikin leda biyu a gefen gado, an ɗora tabaranta a sama. Tana ganina ta riƙe hannuna, ta ce ko wani laifi ta yi musu? Ma'aikaciyar ta ce mini kwanakinta sun ƙare. Daga baya na gane kwanakin biyan Medicare ne suka ƙare, waɗanda dama ba sa wuce 100, amma haƙƙinta na zama yana nan daram.

Tun 1987 akwai dokar tarayya da ta hau kan duk gidan jinyar da ke karɓar kuɗin Medicare ko Medicaid, wato tallafin jinya da gwamnati ke ba masu ƙaramin ƙarfi. Dalilai shida kacal ta yarda a sallami mutum a kansu: in gidan ba zai iya biyan buƙatun jinyarsa ba, in ya warke har ba ya buƙatar zaman, in zamansa barazana ce ga tsaron wasu, ko ga lafiyarsu, in ya ƙi biyan kuɗi bayan an sanar da shi yadda ya kamata, ko in za a rufe gidan. Ƙarewar Medicare ba ta cikinsu. Ba zan ɓoye miki ba, dole wani ya ci gaba da biya, shi ya sa nake roƙonki ki cika takardun neman Medicaid a wannan makon. Muddin an miƙa takardun ana jiran amsa, ba a lissafa shi a wanda ya ƙi biya. Kuma ba su da ikon tilasta miki sa hannu cewa ke za ki biya daga aljihunki.

In har da gaske suke, sai sun ba da sanarwa a rubuce, galibi kwana 30 kafin ranar fita. Takardar ta faɗi dalili, da rana, da inda za a kai shi, da yadda za a ɗaukaka ƙara. Dole kuma su aika kwafi ga jami'in kare haƙƙin mazauna gidajen nan, wanda ake kira ombudsman. Kowace jiha tana da shi, kuma ba a biyan ko sisi. Shi ne ya ceto mu. Matar da aka haɗa mu da ita ta zo har ɗakin, ta zauna ta saurari surukata kafin ta saurare ni, sannan ta tambayi shugaban gidan ina takardar sanarwa. Babu ita. A ranar aka mayar da kayan cikin durowa.

In takardar ta zo, ki ɗaukaka ƙara nan take, domin wa'adin ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Ƙa'idojin da aka sabunta a 2016 sun hana fitar da mutum alhali ƙararsa tana gaban hukuma, sai dai in zamansa zai jefa shi ko wasu cikin haɗari. In kuma suka sauya baki suka ce ba za su iya kula da shi ba, to sai likita ya rubuta wace buƙata ce ta gagare su, me suka gwada, kuma yaya sabon wurin zai iya abin da suka kasa.

Wata dabara da ta fi ƙona mini rai ita ce ta asibiti. A tura tsoho asibiti don ɗan zazzaɓi, da ya samu sauƙi sai a ce babu gado. Wannan ma kora ce, kuma yana da haƙƙin komawa gadonsa ko gadon farko da ya samu. Duk ranar da za a kai Baba asibiti, ki nemi takardar da ta yi bayanin riƙe masa gado.

Abu ɗaya ki tabbatar: duk wannan na gidajen jinya ne masu ma'aikatan jinya dare da rana. In gidan taimakon zama ne, inda ake taya mutum wanka da shan magani kawai, dokar jiha da yarjejeniyar da kuka sa wa hannu ne ke aiki, kuma kariyar takan fi rauni. Ki duba yarjejeniyar yau, gobe da safe ki kira ombudsman, lambarsa tana manne a bangon gidan. Ki riƙa rubuta sunan duk wanda ya yi miki magana, da ranar, da abin da ya ce.