Zan iya koyon ogan na jaz da fiyanon da ke hannuna?

Tambaya: Salam malam. Yau shekara huɗu kenan ina buga fiyano a situdiyo, Yamaha PSR ce a hannuna. Kwanaki na ci karo da bidiyon Jimmy Smith a YouTube yana buga ogan, wallahi har yanzu abin bai fita raina ba. Dan Allah ta ina zan fara, sannan wannan ƙirƙirar kiɗa da suke yi nan take baiwa ce kawai ko ana koyonta?

Amsa: Wa alaikas salam ɗan'uwa. Toh ana koyonta, kuma fiyanonka ta isa ka fara, amma bari na gaya maka gaskiya, inda idonka yake ba nan aikin yake ba. Kai hannun damansa kake kallo yana gudu, ni kuma na hagun nake so ka kalla.

Abin da ka gani yana bugawa sunansa Hammond B-3. Laurens Hammond ne ya ƙera ogan ɗin Hammond na farko a Amurka, ya shiga kasuwa a 1935 (samfurin B-3 daga baya ya fito), coci-cocin baƙar fata suka rungume shi tun kafin ’yan jaz su mai da shi nasu. Jere biyu gare shi, kowanne maɓalli 61, ga fedoji 25 a ƙasa na ƙafa. Kuma ba ya jin ƙarfin yatsa sam, ko ka doka ko ka shafa ƙarar ɗaya ce, da ƙafar dama ake ƙara murya ko a rage, sannan babu fedar nan mai riƙe sauti da kuka saba fakewa a bayanta, kana ɗaga yatsa sauti ya mutu. Shi ya sa duk wanda ya zo wurina daga fiyano ranar farko nake cire masa fedar na ajiye gefe, sai ka ga mutumin da ke ji da kansa ya koma kamar ɗan koyo, kiɗan duk a tsittsinke.

Sautin kuma daga wasu sanduna tara da ake ja yake fitowa, kowace daga 0 zuwa 8. Saitin da aka san Jimmy Smith da shi 888000000 ne, wato ukun farko a ja su duka, sauran a bar su ciki. Wannan kaɗawar da kake ji kamar iska na juya sautin kuma aikin sifikar Leslie ne, da gaske akwai abin da ke juyawa a cikin akwatin. Kai dai ka nemi muryar jaz ogan a fiyanonka, ka raba ta gida biyu, ka kashe kiɗan nan da ke buga kansa. Eh, ka kashe shi.

Yanzu ga aikin. Galibi su uku ne a rukunin, mai ogan, mai jita, mai ganga, babu mai bes, hannunka na hagu shi ne mai bes ɗin. Ka ɗauki buluz, wani salon kiɗan baƙar fatan Amurka, a ki (key) F, gaɓa 12 ce kowace bugu huɗu: F7 sau huɗu, Bb7 biyu, F7 biyu, C7 ɗaya, Bb7 ɗaya, ka dawo F7 biyu. Kowane bugu sauti ɗaya da hagu, 48 kenan a zagaye guda, ka kunna metironom, wato na'urar da ke ƙirga bugu, a hankali kai ta zagayawa kamar mai tafiya kasuwa ba gaggawa ba tsayawa, hannun dama na kan cinya. Sati biyu, uku, har sai ka iya hira da mutum hannun bai ɓata ba. Jimmy Smith ɗin ma kusan shekara ya yi a wani sito a Filadelfiya shi kaɗai da ogan ɗinsa kafin ya fito, sannan kamfanin faifai na Blue Note suka fara ɗaukar kiɗansa a 1956.

Ita kuwa ƙirƙira nan take, ba daga sama take faɗowa ba. Kamar magana ce, yaro sai ya kwaikwayi manya kafin ya haɗa tasa. Ka zaɓi ’yar jimla ɗaya, sauti biyar ko shida, daga masu ogan irin su Jimmy McGriff ko Jack McDuff ko Shirley Scott (nasu ya fi sauƙin kamawa, Larry Young da Joey DeFrancesco ka bari sai gaba), ka rage gudun bidiyon, ka rera ta da baki tukuna sannan ka nemo ta da yatsa. In ta zauna ka kai ta wani ki, ka canza mata ƙarshe, ka jinkirta shigarta da rabin bugu. Abin da bakinka bai iya rerawa ba kar yatsanka ya buga.

Ɗalibaina da na fi shan wuya da su masu saurin yatsa ne, su cika ko’ina da sauti ba numfashi, hagun kuma ya tsaya cak da zarar dama ta fara. In hakan ta same ka, rage daman zuwa sauti uku kacal, F, Ab da C, ka buga gaɓa biyu ka yi shiru gaɓa biyu, hagu na tafiyarsa. Ka ɗauki kanka a waya ka saurara da safe, bes ɗin kaɗai za ka bi da kunne ka ji ko ya yi tuntuɓe.