Hukuncin Azumin Mai Allurar Insulin Idan Sukarinsa Ya Hau

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana mai shekara 17 yana da ciwon sukari, irin wanda sai da allurar insulin. Da azumi yakan bar allurar rana don kada azuminsa ya karye. Jiya da la'asar na'urar awon sukari ta nuna 380, ga ƙishirwa ga amai, amma ya ƙi buɗe baki, wai saura kaɗan a sha ruwa. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah Ya ba shi lafiya. Baiwar Allah, a irin wannan hali buɗe baki wajibi ne a kansa, kuma barin allurar nan kuskure ne babba.

Allurar insulin ba ta karya azumi, domin a ƙarƙashin fata ake yin ta, ba abinci ba ce, ba abin sha ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke haka a Jidda a 1997 game da alluran da ba na ciyarwa ba. Huda yatsa don awon sukari ma ba ya karya shi.

Mutanenmu sun fi tsoron faɗuwar sukari, saboda nan take mutum ke yanke jiki. Hawansa kuwa a hankali yake kisa. Idan babu insulin, sukari yana taruwa a jini, ƙoda ta yi ta fitar da shi ta fitsari tare da ruwan jiki, alhali mai azumi ba ya mayar da abin da ya fita. Jiki sai ya koma ƙona kitse, jini ya yi tsami. Daga nan ne amai, ciwon ciki, numfashi sama-sama da wani ƙanshi a baki kamar na nunannen ɗan itace, sai doguwar suma. Shi ya sa likitoci suka ce mai azumi ya buɗe baki idan awo ya haura 300, ko ya yi ƙasa da 70. Wanda ya kai ga amai kuma, asibiti za a nufa da shi a lokacin, ba a jiran kiran sallah.

Allah Ya ce kada ku jefa kanku cikin halaka (Baƙara, 195), Ya kuma yi wa mara lafiya rangwame (Baƙara, 185). A Mukhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya, Shehu Khalil ya bayyana cewa buɗe baki yana wajaba idan an ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani. Masu ce wa yaro ya daure, wai ai namiji ne, su ji tsoron Allah.

Ki kai shi wurin likitansa. Idan ya ce zai iya ramawa a wani lokaci, kamar da sanyi, bayan an gyara masa ma'aunin allura, sai ya rama. Idan ya ce ba zai iya ba har abada, babu ramuwa a kansa, sai ciyar da miskini mudu ɗaya na mudun Annabi (SAW) kowace rana. Ciyarwar mustahabbi ce a Malikiyya, wajibi ce a wurin mafi yawan malamai, don haka ku ciyar idan da hali.

Wallahu a'alam.